Gidan Zamani: Darasi Daga Ƙauyen Gando

Kaka ta wuce, amfani ya shiga rumbu, wanda ya sayar kuma kuɗi sun shiga aljihu. Wannan shi ne lokacin da manomi yakan tsaya a tsakar gida, ya dubi ɗakunansa, ya ce, "Bana kam sai na yi gini." Tunani ne mai kyau ƙwarai. Amma kafin ka aika a kira birkila, ɗan'uwa, zauna mu yi shawara tukuna. Gama kuɗin da za ka zuba a bango gumin shekara biyu ne ko uku, in kuwa aka yi kuskure, gyaransa ba sauƙi.

A cikin wani watan Afrilu na je wani ƙauye duba lambunan rani, dare ya yi mini, sai wani ɗan ƙungiya ya sauke ni a sabon gidansa. Ya sayar da shanunsa na huɗa da masara mai yawa, ya gina ɗaki uku na bulon siminti, ya rufe da kwano mai ƙyalli. Babu silin. Kowane ɗaki taga ɗaya, ita ma tana duban yamma. A falo akwai kujerun kushin manya har ba wurin wucewa. Da muka gama cin tuwo, sai na ga kowa ya ɗauki tabarmarsa ya yi waje, mai gida da uwargida da yara duka. Na shiga ɗakin da aka ba ni, ban yi minti goma ba na bi sawunsu.

Tsohuwarsa ce kaɗai ta kwana a ɗaki, watau tsohon ɗakinta na ƙasa mai jinka. Da safe na je gaishe ta, na ce, "Mama, ke ba ki koma sabon gini ba?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ɗakin nan nasu na kallo ne, ba na kwana ba."

Da damina ta faɗi, mutumin nan hayar shanu ya yi kafin ya yi huɗa. Yaran kuma da suka saba kwana a waje ba gidan sauro, zazzaɓi ya kwantar da biyu a cikinsu. Tun ran nan nake tambayar kaina, shin mene ne gidan zamani?

Me Ya Sa Ɗakin Kwano Yake Da Zafi?

Kwano ba shi da kauri. Da rana ta buge shi, nan da nan sai ya ɗauki zafi har ba ya taɓuwa, ya riƙa zubo zafin a kan wanda yake ƙasa. Bulon siminti shi ma zafi yana ratsa shi da wuri. Har wa yau, iska mai zafi sama take hawa. A ɗakin jinka takan sulale ta cikin ciyawa ta fita. A ɗakin kwano kuwa, in ba a bar mata hanya ba, sai ta taru ta cika ɗakin.

Bangon ƙasa mai kauri ba haka yake ba. Zafi yakan ɗauki sa'o'i da yawa kafin ya ratsa shi. Kafin ya iso ciki rana ta faɗi, sai a buɗe tagogi iskar dare ta kwashe shi.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Mutanenmu ba wawaye ba ne da suka guji ginin ƙasa. Kowace shekara sai an yi yaɓe. Ruwa mai yawa yakan ci gindin bango har ya faɗi a kan mutane. Gara tana cin itacen rufi, azara ta yi tsada domin giginya ta ragu, jinka kuma abincin gobara ce. Duk wannan gaskiya ne. Abin tambaya shi ne, ko akwai hanyar da za mu riƙe sanyin ɗakin ƙasa, mu kuma rabu da wahalarsa? Akwai wani ɗan ƙauye a ƙasar Burkina Faso da ya amsa wannan tambaya.

Yaron Gando

An haifi Francis Kere a shekara ta 1965 a ƙauyen Gando, wajen kilomita 200 kudu maso gabas da Wagadugu. Mahaifinsa shi ne mai gari. A lokacin babu makaranta a Gando, sai aka tura shi garin Tenkodogo yana da shekara bakwai. Ajin da ya zauna na bulon siminti ne, ba iska, ba isashen haske, ga yara cunkus. Zafin ajin nan bai fita daga ransa ba.

Ya koyi aikin kafinta. A 1985 ya sami tallafi ya tafi Jamus ƙaro sani, daga baya ya shiga jami'a a birnin Balin ya karanta ilimin tsara gine-gine. Tun yana ɗalibi ya kafa ƙungiya a 1998 domin tara kuɗin gina wa ƙauyensu makaranta. Da ya dawo gida ya ce da ƙasa za a yi ginin, mutanen gari ba su ji daɗi ba. A ganinsu, wanda ya je har Turai ai siminti da gilashi ya kamata ya kawo. Sai da ya nuna musu da ido cewa bulon ƙasa da aka matse yana da ƙarfi, sa'an nan suka yarda. Aka yi aikin gayya: aka tattaro duwatsun tushe, mata suka ɗebo ruwa, matasa suka buga bulo. A 2001 aka gama makaranta mai aji uku.

Ga dabarun da ya yi. Bango na bulon jar ƙasa ne da aka gauraya da siminti kaɗan, aka matse a injin hannu. A kan bango ya yi silin, shi ma na bulon ƙasa, da ƙananan kafofi. Kwanon kuwa bai ɗora shi a kan bango ba. Ya yi masa ƙafafu na rodi, ya ɗaga shi sama da silin, ya bar fili a tsakaninsu, ya kuma sa bakinsa ya zarce bango sosai ta kowane gefe. Saboda haka kwano yana tare rana da ruwa kamar malafa, amma zafinsa ba ya isa ga yara. Iska mai sanyi tana shiga ta tagogi, mai zafi ta hau ta kafofin silin, iskar waje ta kwashe ta.

Makarantar ta sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004. A 2022 kuma aka ba Kere lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a duniya ga masu tsara gini. Shi ne ɗan Afirka na fari da ya same ta. Ku duba fa, 'yan'uwa: abin da muke jin kunyarsa, shi ne masana na duniya suka ce ya fi.

Ba A Gando Kaɗai Ba

Kada wani ya ce wannan makaranta ce, ba gidan zama ba. A Gando ɗin an gina wa malamai gidaje da bulon ƙasa. A birnin Yamai na Nijar kuma, a 2016, wata 'yar ƙasar mai suna Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka gama gidaje shida masu bene, da bulon ƙasa matsattse. A 2018 ita da abokiyar aikinta suka gama babban masallaci da ɗakin karatu a Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa, da ƙasar wurin da maginan wurin.

A nan gida ma muna da shaida. Tsohuwar majami'ar Wusasa kusa da Zariya, wadda aka gina da ƙasa wajen 1930 bisa tsarin maginan Hausa, ta nuna cewa ginin ƙasa yana daɗewa in ana kula da shi. Kakanninmu sun san makuba ta ɓawon ɗorawa, sun san laso, sun san inda za a kafa indararo. Abin da zamani ya ƙara shi ne injin matse bulo, da ɗan siminti, da kwano, da ragar waya. Gidan zamani shi ne wanda ya haɗa na da da na yanzu, kowanne a inda ya fi amfani.

Bulon Ƙasa Matsattse

Injin matse bulo ba sabon abu ba ne. An ƙirƙiro irin na hannu, mai suna CINVA-Ram, a ƙasar Kolombiya tun cikin shekarun 1950. Ba ya shan mai, ba ya bukatar lantarki, mutum huɗu ko biyar suna iya buga ɗaruruwan bulo a yini. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Gini da Hanyoyi, wadda aka kafa a 1978, ta ƙera irin nata, masu walda da yawa kuma sun iya yinsa.

Amma ba kowace ƙasa take yi ba. Kada a ɗebi ƙasar saman gona mai taki da saiwa, kada kuma a ɗebi baƙar ƙasar fadama mai tsagewa da rani. Jar ƙasa ta ƙarƙashi ita ce ta fi. Ga yadda ake gwada ta:

1. A zuba ƙasar a farar kwalba har kashi ɗaya cikin uku. A ƙara ruwa da gishiri kaɗan, a girgiza sosai, a ajiye ta kwana.
2. Da safe za a ga ta rabu hawa hawa: tsakuwa da yashi a ƙasa, ƙasa mai laushi a tsakiya, yumɓu a sama.
3. In yashi ya fi rabi, yumɓu kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar ne, ƙasar ta yi. In yumɓu ya yi yawa, a ƙara yashi, in ba haka ba bulo zai tsage.

A tankaɗe ƙasar, a gauraya bokiti ɗaya na siminti da bokiti 15 zuwa 20 na ƙasa tun suna busassu, sa'an nan a yayyafa ruwa. Ba kwaɓi ake yi ba. A dunƙula a hannu, a sake shi daga tsayin ƙugu. In ya rabu gida huɗu ko biyar, ruwa ya yi daidai. In ya watse kamar gari, ruwa bai isa ba. In ya faɗi bai fashe ba, ruwa ya yi yawa. Bayan an buga, a jera a inuwa, a rufe da ciyawa ko leda, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har mako ɗaya ko biyu. Sai bayan mako huɗu a fara gini. Wanda ya shanya sabon bulo a rana ya zubar da simintinsa a banza.

Malafa Da Takalmi

Abokin gaban ginin ƙasa ruwa ne, ta sama kuwa da ta ƙasa yake zuwa. Don haka ɗaki yana bukatar malafa da takalmi.

Takalmin shi ne tushe. A haƙa har a iske ƙasa mai tauri, a jera dutse ko marmara da siminti, a ɗaga shi aƙalla ƙafa ɗaya sama da ƙasa kafin a fara ɗora bulo. A nan ne ya kamata simintinka ya tafi. A tuƙe ƙasa a gindin bango yadda ruwa zai gangara waje, a kuma fitar da kwata. Kada a yi gini a kwari ko a hanyar ruwa, komai arahar filin. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun koya mana wannan da hawaye.

Malafar kuwa ita ce rufi. Bakin kwano ya zarce bango da ƙafa biyu zuwa uku. Mun sani a wajenmu hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne yake shan dūkan ruwa. A ƙara masa baranda ko rumfa, a kuma dasa itatuwa nesa kaɗan su karya iska. Kwanon da aka ɗaga sama, iska tana shiga ƙarƙashinsa, saboda haka tilas a ɗaure katakon rufi da rodi ko waya mai kauri da aka binne cikin bango, layi huɗu ko biyar daga sama. Ƙusa kaɗai ba ta isa ba. In an shafa wa kwano farin fenti, zafinsa yakan ragu.

Gargaɗi ɗaya kuma: kada a shafe tsohon bangon ƙasa da siminti zalla. Ba sa kama juna. Simintin yakan tsage, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita, bango ya ruɓe a ɓoye.

Inda Ɗaki Zai Duba

Wannan ba ya cin ko kwabo, amma shi aka fi mantawa. Rana daga gabas take fitowa, ta faɗi yamma, ranar la'asar kuwa ita ce mai dafa ɗaki. Saboda haka a shimfiɗa gini yadda dogayen bangayensa za su dubi kudu da arewa, gajerun su dubi gabas da yamma. A sa tagogi a bangon kudu da na arewa, suna duban juna. Taga ɗaya ba ta kawo iska, sai da ta biyu da iskar za ta fita. A yamma da gida a dasa darbejiya ko mangwaro, amma ba dab da tushe ba.

Sauro Da Ɓera

A nan sai mu yi hankali da darasin Gando. Makaranta da rana ake zama cikinta, ɗakin kwana kuwa da dare, lokacin sauro. Sauron zazzaɓi ya fi shiga ɗaki ta kafar da take tsakanin bango da rufi. A ƙasar Gambiya an yi gwaji a gidaje 500, aka buga sakamakon a 2009. Gidajen da aka sa wa ragar waya a taga da ƙofa aka toshe kafofin sama, da waɗanda aka yi wa silin na raga, sauron da yake shiga ya ragu da wajen rabi, yaran gidajen kuma ƙarancin jini ya ragu a cikinsu.

To, ga yadda za a haɗa biyun. A bar fili tsakanin kwano da silin domin iska, amma silin ɗin ya rufe ɗaki ruf. Kowace kafar da aka bari domin zafi ya fita, da kowace taga, a sa mata ragar waya. Wanda ba shi da kuɗin silin na kanti, asabari ko tabarmar kaba da aka ɗaure da kyau sun fi babu nesa. Raga ba ta maye gurbin gidan sauro, tare suke aiki.

Ɓera ma abin tsoro ne, gama shi yake kawo zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a garin Lasa na Borno a 1969. A yi daɓe mai kyau, a toshe ramuka, ƙyaure ya sauka har ƙasa.

Kayan Ɗaki

Sau da yawa mukan gama gini, sa'an nan mu cika ɗakin da kaya har iska ta rasa hanya. Manyan kujerun kushin masu gashi gashi an yi su ne domin ƙasashen sanyi. A wajenmu ƙurar hunturu suke tarawa, da kuɗin cizo. Kujerar katako mai matashi da ake iya cirewa a wanke ta fi sanyi, ta fi araha, kafintan garinku kuma zai ci abinci. A wata makarantar sakandare da Kere ya gama a garin Kudugu a 2016, kujeru da teburan da katakon wurin aka yi su, da guntayen ƙarfen da suka ragu daga aikin rufi. 

Tun ana gini a tuna da waɗannan:

A bar gurabu a cikin bango a sa katako su zama kanta, ba sai an sayi kabad ba. A yi dakali a baranda domin baƙi da hira. A auna wurin gado yadda gidan sauro zai sauka ta kowane gefe, a kafa ƙugiyoyinsa tun da wuri. A ajiye tebur ɗaya kusa da taga, da fitila mai aiki da hasken rana, domin yara su yi karatu. Wannan ya fi kabad cike da kwanonin da ba a ci a cikinsu.

Akwai kuma abubuwan da ba su da wuri a ɗakin kwana ko kaɗan: buhunan hatsi, da takin zamani, da maganin feshi, da man fetur. A yi musu ɗan ɗakin ajiya dabam mai kulle. Janareta a waje yake zama, nesa da taga. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi ya kashe mutane da yawa cikin barci.

Kada kuma a manta da madafi. Maza sukan zuba kuɗi a falo, su bar uwargida a bukka mai hayaƙi, alhali ita da jariri a baya suke wuni a can. Hayaƙin itace yana ɓata ido da ƙirji. A yi wa madafi taga biyu da kafa a sama, a gina murhu mai rage cin itace. Kafin a ja igiyar tushe, a tambayi uwargida inda take son ƙofa, da randa, da wurin wanke wanke. Ita ta fi kowa sanin gidan.

Abin Da Ƙungiya Za Ta Iya Yi

Manomi ɗaya ba zai sayi injin bulo domin ɗaki biyu ba, amma ƙungiya za ta iya, kamar yadda muke haɗa kuɗi mu sayi taki ko injin niƙa. A kawo maganar a taro na gaba. A zaɓi matasa biyu a tura su koyo wurin wanda ya iya. Kada a fara da gidan mutum. A fara da ɗakin ajiyar ƙungiya, a bar shi ya sha damina ɗaya, kowa ya gani da idonsa, kamar yadda mutanen Gando suka gani kafin su yarda. Bayan haka sai a riƙa bi gida gida da gayya lokacin rani, mai gida ya kawo siminti da abinci, ya biya ɗan abin gyaran inji.

Wanda ya riga ya gina na bulo da kwano, kada ya karai. Ya sa silin, ya fasa taga ta biyu, ya sa raga, ya yi rumfa a yamma, ya dasa itace. Mutumin nan da ya sauke ni haka ya yi daga baya, yanzu kuwa iyalinsa a ɗaki suke kwana.

Wanda bai fara ba kuma, ya yi a hankali. Ɗaki biyu masu kyau sun fi biyar da aka bari ba rufi. Kada ka sayar da shanun huɗa ko irin shuka domin bango, gama gona ce take gina gida. In maƙwabci ya ce gidanka na ƙasa ne, ka gayyace shi ya zo ya zauna a ciki da tsakar rana a watan Afrilu.

Allah ya ba mu rani lafiya, ya kai mu damina mai albarka.